Masu Gyaran Hoto a Waya, Lokaci Ya Yi da Za a Ajiye Magogi

Kusan duk manhajar gyaran hoto tana da wani maɓalli mai siffar kilinar 'yan makaranta, kuma shi ne abin da mai koyo yake fara kai wa hannu. In ana son cire bayan hoto, sai a ɗauko magogin nan a bi gefen mutum ana gogewa. In ana son haɗa hoton ango da na amarya a katin gayyata, shi ne dai. Haka hoton murnar sallah, haka fostar ɗan takara, haka tallar atamfa da turare. Tunda aiki yana fita, babu mai ganin laifinsa.

To amma wannan ɗabi'a tana cinye wa matasa lokaci da kuɗi, wani sa'in har da hoton da ba za a sake samun irinsa ba. Akwai hanyar da ta fi ta, wadda ƙwararru ke amfani da ita tun cikin shekarun 1990, kuma yanzu ta iso wayar hannu. Masu gyaran hoto suna kiranta leya mask. A Hausa ana iya ce mata mayafin leya, domin aikinta aikin mayafi ne: tana rufe abu ba tare da ta yanke shi ba. Duk wanda ke karɓar kuɗin mutane da sunan gyaran hoto, ko yake taɓa hotunan da iyalinsa ba su da kwafinsu, bai kamata a ce har yau da magogi yake aiki ba.

Yadda mayafi yake aiki

Hoton da ke waya tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Hoton kyamara mai megafiksel 12 yana ɗauke da irin waɗannan ɗigo kimanin miliyan 12. Ita kuwa leya kamar farar leda ce mai shara-shara: a ɗora hoton amarya a kan ɗaya, furanni a kan wata, rubutu a kan ta uku, sai a jera su wata bisa wata su zama kati guda. Photoshop ya kawo tsarin leyoyi a fitowarsa ta 3.0 a shekarar 1994, daga nan sauran manhajoji suka bi sahu.

Idan aka bi leya da magogi, ɗigon da aka goge ya bar leyar ke nan. Mayafi kuwa wani hoto ne na biyu, mai girma daidai da leyar, wanda aka liƙa mata a gefe. Babu launi a cikinsa sai fari da baƙi da toka-toka. Duk inda mayafin yake fari, leyar tana bayyana. Duk inda yake baƙi, tana ɓuya. Inda yake toka-toka kuma, tana bayyana rabi-rabi. A lissafin kwamfuta baƙi shi ne 0, fari 255, wato matakai 256 ke nan tsakanin ɓuya da bayyana.

Saboda haka mai gyara ba ya taɓa ainihin hoton. Yana shafa baƙi ne a kan mayafi, bayan hoton ya ɓace wa ido. In hannunsa ya zame ya ci kunnen ango, sai ya juya buroshi zuwa fari ya shafa wurin, kunne ya dawo yadda yake. Ko yau, ko bayan wata shida, muddin fayil ɗin aikin yana nan. Macen da ta yafa gyale a kan sarƙarta ba ta rasa sarƙar ba, da ta janye gyalen za a gan ta.

Dabarar ma ta girmi kwamfuta. Masu aikin ɗab'i na da suna yanka wata jar leda mai suna Rubylith su rufe sassan hoton da ba sa son haske ya taɓa. Shi ya sa har gobe Photoshop da Lightroom suke nuna wurin da aka rufe da launin ja.

Inda magogi yake cin amana

A ɗauki misalin matashin da ke zana katin biki a waya. An turo masa hoton amarya, ya goge bayansa tsaf, ya ɗora a kan kati, ya tura. Bayan kwana uku sai yayar amarya ta kira: gefen leshin da ke hannun hagu ya yanke, yatsun da aka yi wa lalle ma biyu babu su, a dawo da su. Idan da mayafi ya yi aikin, gyaran bai wuce minti biyu ba. Idan da magogi ya yi, sai dai ya nemo hoton farko ya sake yankewa daga tushe, ya sake daidaita haske da girma, kuma da wuya a ƙara masa ko sisi a kan wannan wahala.

Wani zai ce ai akwai kibiyar komawa baya. Akwai ta, amma tana da iyaka biyu. Na farko, tana mutuwa da zarar an rufe aikin. Ko Photoshop na kwamfuta matakai 50 yake riƙewa in ba a canza saitinsa ba, kuma yana mantawa da su idan an rufe fayil. A waya abin ya fi muni, domin Android kan kashe manhajar da ke bayan fage idan RAM ya yi ƙaranci. Mutum ya fita ya amsa saƙon WhatsApp, ya dawo ya tarar manhaja ta tashi sabuwa. Na biyu, komawa baya layi ɗaya take bi. In kuskuren yana mataki na 5 kuma an kai na 40, sai an rushe matakai 35 masu kyau kafin a isa gare shi. Mayafi bai damu da jerin matakai ba. Ana zuwa wurin da ya ɓaci kai tsaye a gyara shi, sauran aikin yana zaune.

Sai batun gefe. Jikin mutum ba shi da kaifin gefe irin na kwali. Gashi, gemu, bakin leshi, gyale mai shara-shara, hayaƙin turaren wuta, duk abubuwa ne da bayansu ke ɗan lekowa ta cikinsu. Magogi yakan bar su da gefe kamar an yanka da almakashi, abin da ke sa a gane hoton haɗi tun daga nesa. Da toka-toka a kan mayafi ana iya barin gyale ya nuna rabin abin da ke bayansa, in ya yi yawa a rage, in ya yi kaɗan a ƙara, har sai ido ya gamsu.

Mayafi bai tsaya ga yanke hoto ba

Mafi yawan amfanin mayafi ma yana wajen gyaran haske da launi. A fitowar Photoshop ta 4.0 a 1996 aka ƙaro leyoyin da ba sa ɗauke da hoto, sai umarni kawai, kamar a ƙara haske ko a rage ja. Kowace irin wannan leya tana zuwa da mayafinta, wanda ke faɗa mata inda za ta yi aiki da inda za ta bari.

Ga inda wannan ya shafi masu ɗaukar hoto a ƙasar Hausa kai tsaye. Mutum baƙin fata ya sha farar shadda ya tsaya a rana ranar idi. Kyamarar waya ta auna hasken shaddar, sai fuska ta fito da duhu. Idan aka ƙara wa hoton haske gaba ɗaya, fuska za ta fito, amma aikin da ke wuyan rigar zai ƙone ya zama fari fat, zare ɗaya ba za a gani ba. Da mayafi, sai a ƙara hasken, a rufe ko'ina da baƙi, a buɗe fuska da hannuwa kawai da buroshi mai laushin baki. Fuska ta haskaka, shadda ta tsira da adonta.

Kuma idan mai hoton ya duba ya ce an mai da shi bature, a rage, ba sai an sake komai ba. Ana rage ƙarfin leyar ne kawai. Wanda ya narka hasken a cikin ainihin hoton ba shi da wannan mafita, domin rage haske bayan an ƙona launin fata ba ya dawo da launin farko.

Uzurorin da aka saba ji

Uzuri na farko shi ne, yanzu ƙirƙirarriyar basira tana cire bayan hoto da latsawa ɗaya, wa ke da lokacin shafa buroshi? Gaskiya ne ta rage wahala ƙwarai. Sai dai abin da take samarwa a ƙarƙashin ƙasa shi ma mayafi ne: tana hasashen wane ɗigo ne mutum, wane ne bango. Kuma tana kuskure, musamman a kan hula, ɗaurin ɗankwali, da tufafin da launinsu ya yi kama da na bango. Abin dubawa shi ne ko manhajar tana miƙa wa mutum wannan mayafin ya gyara, ko kuwa tana yankewa ne ta ba shi sakamako a dunƙule. Lightroom, tun sauyin da aka yi masa a ƙarshen 2021, yana zaɓo mutum ko sararin sama da kansa, sannan ya bar mai gyara ya ƙara ko ya rage da hannu. Wannan ita ce hanyar da ta dace. Na'ura ta yi kaso mafi yawa na aikin, mutum ya ƙarasa gefuna. Manhajar da ba ta da buroshin dawo da abin da ta cire ba ta cancanci a ɗora mata aikin kwastoma ba.

Uzuri na biyu shi ne waya ƙarama ce, ma'adana ta cika. Wannan yana da ƙamshin gaskiya, don fayil mai leyoyi ya fi JPEG nauyi nesa ba kusa ba. Amma a yi lissafi. Hoto mai fiksel 4000 a tsaye da 3000 a kwance, idan manhaja ta buɗe shi, launukansa uku suna cin kimanin megabait 36. Mayafinsa, da yake launi ɗaya ne, megabait 12 yake ci kafin a matse shi, kuma yana matsuwa sosai saboda yawancinsa fari ne zalla ko baƙi zalla. Wanda ke tsoron magogi har yake kwafe leya sau uku don ko-ta-kwana ya fi mai mayafi ɗaya cinye RAM. Wanda kuma ke da bidiyon barkwanci ɗari biyu a waya bai rasa wurin ajiye fayil ɗin aikin da aka biya shi ba.

Uzuri na uku shi ne sai da kwamfuta, ko sai an biya kuɗin wata-wata da dala. A da haka ne, yanzu kuwa an wuce nan. Photopea, wadda wani mai shirya manhaja mai suna Ivan Kutskir ya gina a ƙasar Cek, tana buɗewa a cikin burauza, kyauta ce, tana karanta fayilolin PSD na Photoshop, kuma tana da cikakken mayafi. Alamarsa tana ƙasan jerin leyoyi, murabba'i mai da'ira a tsakiya. Allon waya yana yi mata ɗan ƙaranci, amma tana aiki. Snapseed, wadda Google ya mallaka tun 2012, ita ma kyauta ce. Tana jera duk gyaran da aka yi wa hoto, kuma ana iya komawa kan kowanne a shafa shi da buroshi a wurin da ake so kawai, matuƙar aikin yana buɗe. A 2025 Adobe ya fitar da Photoshop na iPhone, daga baya na Android ya biyo, dukansu da leyoyi da mayafi. Mai kwamfuta kuma yana da GIMP, wadda ba a biyan ko kwabo, kuma fitowarta ta 3.0 a watan Maris na 2025 ta ba da damar sake gyara tacewar da aka yi wa hoto ba tare da an narka ta ba. Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce mayafin Lightroom na waya yana cikin abubuwan da sai an biya. Amma rashin kuɗi ya daina zama hujja.

Uzuri na huɗu ya fi sauran ƙarfi: ai in an ajiye kwafin hoton asali, ko an yi ɓarna da magogi ba a yi asara ba. Ajiye asali wajibi ne, babu musu. Sai dai kwafin yana ceton hoton ne kawai. Awa biyun da aka ɓata ana bin gefen gashi da yatsa ba ta cikin kwafin. Mayafi yana ceton hoton da wahalar da aka sha a kansa gaba ɗaya.

Hoton asali dukiya ne, kuma shaida ne

Akwai dalilin da ya sa ba a son a riƙa gyara hoto ana adanawa a kan kansa. Tsarin JPEG yana rage nauyin hoto ne ta hanyar zubar da wasu bayanai. Yana raba hoton gida-gida, kowane gida fiksel 8 a tsaye 8 a kwance, ya watsar da abin da yake ganin ido ba zai lura da shi ba. Duk lokacin da aka buɗe, aka gyara, aka sake adanawa, sai ya sake zubar da wani abu. A haɗa da matsewar da WhatsApp ke yi wa hoton da ba a tura shi a matsayin fayil ba, sai a ga fuska ta fara yin dabbare-dabbare. Mai aiki da mayafi sau ɗaya yake fitar da JPEG, daga hoton da bai taɓa raguwa ba, ko da sau goma aka dawo masa da gyara.

Wannan ya fi muhimmanci ga tsofaffin hotuna. Hoton kaka da aka ɗauka a situdiyo shekara 50 da suka wuce, aka ɗauke shi da waya kafin takardar ta ƙarasa lalacewa, wataƙila wannan kwafin ne kaɗai ya rage a duniya. Wanda ya goge bangonsa ya adana a kai ya shafe wani abu na tarihin gidansu, don ko labulen da ke bayanta da kujerar da ta zauna a kai labari ne.

Asali kuma shi ne ke raba gardama. Gasar hotunan jarida ta World Press Photo, mai hedkwata a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, tana neman waɗanda suka kai matakan ƙarshe su kawo fayil ɗin da ya fito daga kyamara don a gwada da wanda suka shigar. A gasar 2015, kimanin kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe an fitar da su bayan wannan gwaji, saboda an ƙara ko an cire wani abu ko gyaran ya wuce kima. Yanzu da kowa ke iya ƙirƙirar hoto da rubuta jimla ɗaya, mai gyaran da zai iya kashe mayafi ya nuna wa mutane abin da kyamara ta gani da abin da shi ya canza yana da abin kare kansa. Mai magogi sai dai rantsuwa.

Inda mayafi yake zama haɗari

Abin da ya sa mayafi ya yi kyau shi ne kuma abin tsoronsa: ba ya share komai. Wanda ya rufe lambar asusun banki, ko lambar BVN, ko fuskar wata da ba ta yarda a yaɗa hotonta ba, sannan ya tura wa wani fayil ɗin aikin na PSD, bai ɓoye komai ba. Wanda ya karɓa zai kashe mayafin ya ga duk abin da ke ƙasa.

An ga makamancin haka a watan Maris na 2023, lokacin da masu bincike suka bayyana wata matsala a manhajar da wayoyin Pixel na Google ke yanke hoton allo da ita, matsalar da aka yi wa laƙabi da aCropalypse. Mutum zai yanke hoton ya tura, amma ragowar bayanan hoton farko suna maƙale a cikin fayil ɗin, har ana iya dawo da wani ɓangare na abin da aka yanke. An sami irinta a manhajar yanke hoton allo ta Windows. Kamfanonin sun toshe ɓarakar, amma hotunan da aka riga aka tura sun tafi.

Darasin shi ne a bambance fayil ɗin aiki da fayil ɗin rabawa. Abin da zai fita hannun mutum, musamman in akwai sirri a ciki, a narka leyoyinsa wuri guda a fitar da shi sabo a matsayin JPEG ko PNG, a rufe sirrin da launi mai kauri wanda ba a hango komai ta cikinsa, sannan a buɗe shi a duba kafin a tura. A nan kam sharewa ta dindindin ita ake bukata.

Tsarin fayil uku

Duk maganar nan tana komawa ga ɗabi'a guda mai sauƙi. Kowane aiki ya kasance da fayil uku. Na ɗaya hoton asali, yadda ya fito daga kyamara, a nemi kwastoma ya turo shi a matsayin fayil ba hoton WhatsApp ba, kuma kada a taɓa adana komai a kansa. Na biyu fayil ɗin aiki mai leyoyi da mayafai, PSD ne ko XCF na GIMP ko PLP na masu PixelLab, ya zauna a hannun mai gyara, in da hali da kwafi a Google Drive ko katin memori. Na uku wanda aka fitar don bugawa ko ɗorawa a Facebook da Instagram. JPEG da PNG ba sa riƙe leyoyi, saboda haka wanda ya fitar da su ya share fayil ɗin aiki ya koma gidan jiya.

Koyon mayafi ba ya ɗaukar mako. Fari yana bayyanawa, baƙi yana ɓoyewa, toka-toka yana tsakani, sauran duk sabon hannu ne. Wanda yake shakka ya ɗauki hoto ɗaya yau da daddare, ya buɗe shi a Photopea, ya ƙara masa mayafi, ya shafe rabin fuskar da baƙi da gangan, ya adana a matsayin PSD, ya rufe. Gobe ya buɗe ya shafa fari ya ga fuskar ta dawo cif. Bayan wannan, da wuya ya sake yarda ya ɗora magogi a kan hoton da aka ba shi amana.